Ƙullutu a nonon yayata: da gaske allurar ayyina tana watsa daji?

Hawwa_Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don kan gidanmu ya rabu biyu. Yayata, shekararta 44, ta ji ƙullutu a nononta na hagu, can wajen hammata, tun kafin azumi. Ba ya mata ciwo ko kaɗan, shi ya sa ta yi shiru da bakinta. Da ƙyar muka kai ta mustashfa, wato asibiti, nan Gadarif. Likita ta duba, ta tura mu hoto, yanzu ta ce sai an ɗauki ayyina, wato ɗan tsoka daga ƙullutun, da allura an kai gwaji. To Innarmu ta ce ba da yawunta ba. Wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bi jiki. Hujjarta ƙanwarta da aka yi wa aiki a Khartum shekarun baya, ba ta rufa shekara ba ta rasu. Mijin Yaya kuma ya ce duk abin da Inna ta yanke shi ne. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin nan ya faɗa mini, allura tana watsa shi ko ba ta watsawa?

Ummu_Rayyan:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ku yi abin da likita ta ce, Hawwa, kada ku ƙara ɓata lokaci.

Baba_Tanko_MaiWurno:
'Yata, maganar mahaifiyarki ba ta banza ba ce. Mu da muka kwana biyu a duniya mun ga mutane sun tafi asibiti da ƙafarsu, aka taɓa wurin, aka dawo da su a kwance. Da can a Mai Wurno ba mu san wannan cuta haka ba. A fara da na gida da addu'a tukuna, in ya ƙi sai a tafi.

Sista_Halima:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Na yi aikin jinya a cibiyar daji ta Madani har zuwa Disambar 2023 da yaƙi ya fitar da mu, yanzu ina Kasala. Allurar ayyina ba ta watsa ciwon nono. Yadda ake yi, a kashe wurin da banj, a sa allura a ciro ɗan tsoka siriri daga cikin ƙullutun, a manna filasta, mace ta tashi ta tafi gida da ƙafarta a ranar. Ko ɗinki ba a yi.
Mutanen da ka gani an dawo da su a kwance, ni ma na gan su, da yawa a hannuna suka kwanta. Amma a tambaya, yaushe suka zo? Mace za ta yi shekara ɗaya, biyu, tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai nono ya fashe yana wari, ciwon ya riga ya kai ƙashi ko hanta ko huhu, sannan a ɗauko ta. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, in ta rasu sai a ce wuƙa ce ta kashe ta. Ciwon ya riga wuƙar tafiya da nisa.
Hawwa, abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarki shi ne "tun kafin azumi", ga shi har an fara yankan riɗi. Rashin ciwo kuwa ba alamar lafiya ba ne, yawancin dajin nono a farkonsa ba ya ciwo.

Zainabu_Sinnar:
Kada kuma ku yanke wa Yaya hukunci tun yanzu. Ni ina budurwa na ji nawa, yana gudu ƙarƙashin yatsa in na taɓa. Na yi kuka har na gode Allah. Da aka yi sikanin aka ɗauki ayyina, aka ce tsiro ne mara illa irin na 'yan mata. Ga ni da 'ya'ya, duk na shayar da su da nonon nan.

Sista_Halima:
Gaskiya ne Zainabu, mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne. Akwai irin naki, akwai na ruwa, akwai maruru na masu shayarwa. Sai dai hannu ba ya iya rabe su, kuma mai shekara 44 ba ɗaya take da budurwa ba.

Ɗan_Madani:
Ni tambayata, tunda an yi hoto, me ya sa hoton bai isa ba? Kuɗi ne fa ake ta kashewa, mutane ko na abinci da ƙyar suke samu. Wani lokaci sai ka ga kamar gwaje-gwajen sun yi yawa.

Dakta_Abbakar_Riyad:
Salam ga kowa. Ɗan Madani, tambayarka a kan hanya take. Abu uku ake haɗawa kafin a yanke magana: dubawar likita da hannu, hoto, da gwajin tsokar. Hoton kan zama sikanin ga mace mai ƙuruciya saboda nononta a cike yake, mamogiram kuma, wato hoton nono na X-ray, ga wadda ta kai arba'in, sau da yawa ma a yi duka biyun. Hoto yana nuna siffar abin ne ya ce akwai zargi ko babu. Wanda zai ce daji ne, kuma wane iri, sai mai duba tsokar a madubin awo.
Irin kuwa shi ne komai, don dajin nono ba ɗaya ba ne. Akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyar da shi, a takarda za ku ga an rubuta ER ko PR. Wannan yana jin ƙwaya irin tamoksifen, guda ɗaya a rana, shekara 5 zuwa 10. Akwai mai HER2, wani sinadari da ke ingiza ciwon, yana da saurin girma amma yana da maganinsa, Herceptin, da ake yi kusan shekara guda. Akwai wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun, shi babban makaminsa kimawi ne, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da galibi ake sawa ta jijiya. In ba a yi gwajin ba, da me likita zai zaɓi magani?
Hawwa, ki tambayi likitar ko za a yi da allura mai kauri wadda ke ciro tsoka, don ita ce ta fi ba da amsar waɗannan gwaje-gwajen, fiye da siririyar da ke zuƙo ruwa kawai. Kuma kada ku yarda wani ya ce bari kawai ya yanke ƙullutun ya jefar ba tare da an kai shi gwaji ba. Duk takardar da aka ba ku ku ɗauki hotonta a waya. Mutane da yawa sun baro fayil ɗinsu a Khartum da Madani lokacin gudu, sai da aka sake musu komai daga farko.
Baba Tanko, cutar ba sabuwa ba ce, suna ne ba a sa mata a da. Asibitin Zarra na Khartum tun 1967 ya fara karɓar masu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ita, 670,000 suka rasu. A Sudan ma ita ce kan gaba a dajin mata.

Baba_Tanko_MaiWurno:
Likita na ji bayaninka. Amma ku riƙa tuna cewa tsohuwar nan 'yar'uwarta ta binne. Ba a ce mata jahila.

Dakta_Abbakar_Riyad:
Ko kusa Baba, ba wanda zai ce haka. Tsoronta na ƙauna ne.

Hajiya_Asabe:
Hawwa, ki karanta wa Innarku wannan, ki ce daga wadda abin ya taɓa ne. A 2019 aka gano nawa. Ni fatar ce ta fara canzawa, ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ga kaluluwa a hammata. Maƙwabta suka ce sammu ne, wata ta ce a kira wanzami ya yi sakiya. Babban ɗana ya tsaya kai da fata ya ce Madani za mu.
An ɗauki ayyinar, ban ji komai ba sai ɗan tsami na kwana biyu. Aka ce ya yi girma, sai an fara kimawi ya motse kafin aiki. Ba zan ɓoye miki ba, kimawi yana da wuya. Gashina ya zube har gira, bakina ya yi gyambo, ko ƙanshin miya ba na so, farcena suka yi baƙi. Akwai ranar da na ce a bar ni haka nan na gaji. Wata ma'aikaciya ta zauna kusa da ni ta ce Hajiya taɓa wurin ki ji. Na taɓa, wallahi ya ragu ya fi rabi. Daga nan ban ƙara cewa a bar ni ba.
Aka cire nonon duka da kaluluwar, aka yi mini gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura, aka ɗora ni a kan ƙwaya. Gashin kaina ya dawo, har kitso nake yi. Abin da ya rage mini hannun nan na dama, yakan kumbura in na yi aiki mai nauyi, ba na yarda a ɗaura mini abin awon jini ko a yi mini allura a cikinsa. Lokacin gudun hijira ƙwayar ce ta fi ba ni wahalar samu, sai 'yan'uwa ke aiko mini daga Masar. Na aurar da 'ya'ya biyu bayan aikin nan. Ƙarfe ya taɓa ni ta ko'ina, ga ni ina rubuta miki.

Ummu_Rayyan:
Allahu Akbar. Hajiya Allah Ya ƙara lafiya, kin sa ni hawaye.

Malam_Idi_Damazin:
Abin da zan ƙara kaɗan ne. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, a yi sadaka, amma ranar asibiti a tafi asibiti. Mijinta kuma ya sani amana ce a wuyansa, ba zai fake da surukarsa ba. Ni mata sukan zo mini da irin wannan, ina yi musu addu'a in ce gobe a kawo mini takardar likita in gani.

Sani_Mai_Riɗi:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Tunda likita yana kusa. Mahaifina yana da wani baƙin tabo a tafin ƙafa, wajen diddige. Da ƙarami ne, yanzu ya faɗaɗa, gefensa ba daidai ba, kwanan nan yana ɗan jini in ya dawo daga gona. Shi ya ce ƙaya ce ta taɓa sukansa. Baƙar fata ma tana yin dajin fata ne? Na ɗauka na Turawa ne.

Ɗan_Madani:
Sani wannan ai nabit ne, madura, ciwon nan da ke shiga ƙafa ta sukan ƙaya. Mu a Jazira ko yaro ya san shi. Manomi, ƙaya, ƙafa, me ya rage? Kawuna shi ya ci masa ƙafa har aka yanke.

Dakta_Abbakar_Riyad:
A'a Ɗan Madani, kada mu sa masa suna daga nan. Madura gaskiya ce, Sudan na cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya, shi ya sa aka kafa cibiyar bincikenta a Soba tun 1991. Amma ita kumburi take yi mai tauri, sai ƙananan ƙofofi su buɗe suna fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi, galibi baƙaƙe. Abin da Sani ya kwatanta, tabo shimfiɗaɗɗe mai faɗaɗa, mai karkataccen gefe, mai jini, ya fi sa ni tunanin melanoma, wani irin dajin fata. Mu baƙaƙe ba mu cika samun dajin fata kamar farare ba, amma in melanoma ta zo mana, tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce take zaɓa, inda rana ma ba ta kaiwa. Tana da saurin tafiya, kuma kaurinta a ranar da aka cire ta shi ke nuna yadda gaba za ta kasance. In an same ta da wuri aiki ne kawai, a yanke ta tare da lafiyayyar fata ta kewaye.
Sani, ka taɓa matsematsinsa ka ji ko akwai kaluluwa, ka kai shi wajen likitan fata ko na tiyata a makon nan. Kada a ƙona wurin, kada a kankare da reza, kada a sa masa magani mai cin fata.

Sani_Mai_Riɗi:
Innalillahi. To ai ya ce ba inda za shi sai an gama yanka, riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake.

Sista_Halima:
Ku 'ya'yansa ku yi yankan. Shi a sa shi a mota.
Tunda an shigo maganar fata, akwai wani da muka riƙa gani sosai a Madani: tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya yi shekaru bai warke ba. Mutum ya ƙone yana yaro, bayan shekara 20 ko 30 tabon ya buɗe, bakinsa ya yi tudu, yana wari, ana ta wanki da ɗauri ba ya rufewa. Irin wannan sai an ɗauki ayyina daga gefensa.

Maman_Nura_Kasala:
Ni ɗana zabiya ne, shekararsa 9. Kullum gabana faɗuwa yake. Wuyansa da kunnuwansa sun fara wani kaushi-kaushi ja. Man rana ya yi tsada, wani lokaci ma babu shi a kasuwa. Me zan yi?

Dakta_Abbakar_Riyad:
Maman Nura, su ne suka fi kowa haɗari a ƙasa mai rana irin tamu, don fatarsu ba ta da abin da ke tare ta, da yawa ciwon yana kama su tun suna samari. Tufafi sun fi mai muhimmanci kuma sun fi araha: malafa mai faɗin baki da za ta rufe kunne da ƙeya, riga mai dogon hannu mai kauri, dogon wando. Daga hantsi zuwa la'asar ya zauna a inuwa, ki yi magana da malamansa kada a tsayar da shi a fili. In an samu man, mai lamba 50, a fuska da wuya da bayan hannu. Kaushin nan ki kai a duba, likitocin fata suna daskarar da shi da wani ruwa mai tsananin sanyi kafin ya rikiɗe. Kuma in ya girma a nema masa sana'ar cikin ɗaki, ba noma ko kiwo ba.

Hawwa_Gadarif:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Inna maganar Hajiya Asabe, ta yi shiru ta ce a sake karanta mata. Malam Idi, na tura wa mijin Yaya taka. Yanzu Inna ta yarda da allurar, amma da sharaɗi: ko me aka gani, ba za a cire nono ba. Ta ce ba za a mayar mata da 'ya rabin mace ba. Ita Yaya ba ta cewa komai, sai kallonmu take.

Zainabu_Sinnar:
Ai yanzu ba dole ne a cire duka ba ko? Na ji ana cire ƙullutun kawai.

Dakta_Abbakar_Riyad:
Ana yi. In ciwon ƙarami ne, a wuri ɗaya, cire shi kaɗai tare da gashi daga baya yana ba da tsawon rai daidai da cire nonon duka. Amma gashin sharaɗi ne, ba zaɓi ba. In babu tabbacin samunsa a kan lokaci, cire duka ya fi aminci. Kada a ɗaure likita da alkawari tun sakamako bai fito ba.

Abu_Usman_Bur_Sudan:
Nan ne gizo ke saƙa. Kimawi da aiki ana samu a garuruwan gabas, gashi ne matsala tun da yaƙi ya taɓa Khartum da Madani. Mu da matar wana Marawi aka tura mu, kuma ba zuwan yini ɗaya ba ne, kusan kullum ake shiga na'urar har makonni. Sai ka nemi masauki, ka ciyar da mai jinya. Wasu Masar suke wucewa. Ku fara tambayar inda na'ura ke aiki yanzu tun kafin ranar aiki, ku kuma fara haɗa gudummawar dangi ta manhajar banki ta Bankak.

Hajiya_Asabe:
Hawwa, kalmar nan ta rabin mace ta yi mini zafi, amma ban ga laifin Inna ba, ni ma na faɗa wa kaina ita a lokacin. Ina sa tobe ɗina in shiga biki, ba mai sanin komai sai wanda na gaya wa. Abin da nake so ki yi, ki ja Yayarki ɗaki ku biyu ki tambaye ta me ita take so. Kowa ya yi magana a gidan nan ban da mai jikin. Kuma in sakamako ya fito kada ku ɓoye mata, mu Sudan mun iya wannan, a gaya wa dangi a bar mara lafiya cikin duhu. Wadda ba ta san me ke damunta ba, da kimawi ya ba ta wuya sau ɗaya za ta gudu.

Ummu_Rayyan:
A nan kam ban bi ki ba Hajiya. Ba kowa ke da zuciyarki ba. Goggona da aka gaya mata kai tsaye, daga ranar ta daina cin abinci. Wani a hankali ake bi da shi.

Hajiya_Asabe:
A hankali daban, ɓoyewa daban, ƙanwata.

Baba_Tanko_MaiWurno:
Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da yanka ba, amma tunda uwar ta yarda da allura, Allah Ya sa a ji alheri. A dai haɗa da addu'a.

Maman_Nura_Kasala:
Sista Halima, tunda kina Kasala, ko zan kawo miki Nura ki fara ganin wuyan kafin mu nemi likitan fata?

Sista_Halima:
Kawo shi, ki yi mini magana ta akwatin sirri. Hawwa, ke ma ki tambayi Inna shekarun ƙanwarta nawa lokacin da ciwon ya kama ta, da ko akwai wata a dangi da ta yi na nono ko na ƙwan haihuwa. Ku gaya wa likitar, don yana iya shafar yadda za a riƙa duba ke kanki da 'ya'yan Yaya mata. Sakamakon ayyina yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci sai an aika da ita wani gari, ku karɓi lambar da za ku riƙa bibiya da ita.

Sani_Mai_Riɗi:
Dakta na taɓa, akwai wani abu kamar gurjiya a matsematsinsa na ɓangaren ƙafar. Likitan fata zan fara nema ko na tiyata? Nan Gadarif za mu tsaya ko mu wuce gaba?